Ƙuma ta hana mu sakat, maigida ya ce a ba da karen

Anti, barka da aiki. Muna da kare a gida, yara sun shaƙu da shi ƙwarai. Kwanan nan ya kama susa ba dare ba rana, har gashin gindin wutsiyarsa ya fara zubewa. Yanzu abin ya dawo kanmu, idon sawun yara duk ƙuraje ne jajaye masu ƙaiƙayi. Na yi masa wanka da sabulun ƙuma, na yi feshi a ɗakuna, amma da an kwana biyu sai su dawo. Maigida ya ce a ba da karen kowa ya huta, maƙwabciyata kuma ta ce in shafe shi da kalanzir. Yaya zan yi?

Uwar yara

Ƙanwata, kalanzir dai kada ki kuskura. Yana ƙona fatar kare, in ya lasa kuma guba ce. Haka ma maganin ƙwarin gona.

Ki lallaɓa maigida, ba da karen ba zai raba ku da ƙuma nan take ba. Waɗanda kike gani a jikinsa ba su wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke gidan ba. Tamata ɗaya tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan kuwa ba ya manne wa gashi, zubewa yake duk inda karen ya kwanta: shimfiɗarsa, kafet, ƙarƙashin kujeru. Ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa, tsutsar ta naɗe kanta cikin ƙwanso. Na cikin ƙwanson nan feshi bai cika taɓa su ba, kuma suna iya yin watanni a laɓe har sai sun ji ɗumi ko motsin ƙafa. In karen ya tafi, ku za su dira wa.

Ki kai shi wurin likitan dabbobi ya auna nauyinsa ya ba shi maganin da ya dace. Akwai na ɗigawa a ƙeya duk wata, irin su fipronil, akwai ƙwayar fluralaner mai aiki har mako 12. Sabulu kam, wadda ya tarar a lokacin wankan kawai yake kashewa. Ki nemi a haɗa masa da maganin tsutsar ciki, don kare yana kamuwa da ita in ya haɗiye ƙuma wajen cizon jikinsa. In kuna da mage, ita ma a yi mata nata daban. Maganin kare mai permethrin yana iya kashe ta.

A ranar da ya fara magani ki taso gidan gaba. Shimfiɗarsa da zannuwan gado a wanke da ruwa mai zafin digiri 60. A riƙa bin lungu-lungu da injin zuƙe ƙura ko tsintsiya kullum, a ƙulle sharar a leda a fitar da ita waje. Za ki ci gaba da ganin ƙuma jefi-jefi, kada ki ce maganin bai yi ba, na ƙwanso ne ke fitowa. Ki jure aƙalla wata 3.

Don gane ko kina cin nasara, ki taje gashin karen a kan farar takarda mai danshi. Baƙin ɗigo da ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, da sauranta ke nan. Yara kuma a yanke musu farce, a wanke cizon da sabulu, in wani ya fara ruwa ko kumburi a kai shi asibiti.