Tambaya da Amsa: Na haddace darasin halittu, amma yana kuɓuce mini a jarrabawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Mai Wurno da ke ƙasar Sudan, ina shirin zana jarrabawar Shahada Sudaniyya, kuma burina shi ne in karanci ilimin dabbobi a jami'a. Nakan haddace littafin Ahya'u, wato ilimin halittu, shafi bayan shafi, amma da zarar an juya tambaya sai kaina ya ɗaure. Ga sunayen Latin kuma sun ƙi zama a kaina. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ba zan kushe hadda ba, domin duk wanda ya tashi da allo da tawada ya san darajarta. Sai dai hadda tana kiyaye lafazi ne yadda yake, alhali mai tsara jarrabawar ilimin halittu yakan canza lafazin da gangan, don ya ga ko ɗalibi ya san abin da ke jawo wani abu. Saboda haka ki riƙa mayar da kowane darasi labari mai farko da ƙarshe, sannan ki rufe littafin ki zana shi da hannunki.

Ki ɗauki tsargiya, wadda ba baƙuwa ba ce ga mutanen da ke zaune kusa da magudanan ban ruwa na Jazira, waɗanda ke shan ruwa daga madatsar Sinnar tun 1925. Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar da ta fito ta nemi wata irin katantanwa ta shige jikinta, ta hayayyafa a can, sannan ta fito da wata siffa mai wutsiya wadda ke huda fatar yaron da ya shiga wanka ko manomin da ya tsaya cikin ruwa. Daga fata sai jini ya ɗauke ta, ta girma a jijiyoyin hanta, ta koma jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara ta fara zuba ƙwai, kuma ƙwan nan ne ke jawo fitsarin jini. Idan kika zana wannan da'irar sau uku ba tare da duba littafi ba, to ko an tambaye ki dalilin da ya sa kashe katantanwa ke rage cutar, ko dalilin da ya sa ba a ɗaukarta ta cin abinci kwano ɗaya da mai ita, amsar tana cikin zanenki. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, kuma daga sunansa aka samo kalmar bilharziya da kike ji a asibiti.

Haka zancen zuciya yake. Ranar layya, kafin a kai kayan ciki tukunya, ki roƙi zuciyar ragon ki tsaga ta, za ki ga ɗakuna huɗu, kuma za ki ga bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri nesa ba kusa ba, domin shi ke tura jini zuwa dukkan jiki, na dama kuwa iyakarsa huhu. Na san iyaye mata ba sa son a taɓa musu naman suya, amma minti goma ba za su hana cin Sallah ba. Daga nan kwatanta ta da zuciyar kifi mai ɗakuna biyu da ta kwaɗo mai uku ba zai ba ki wahala ba.

Sunayen Latin kuwa suna ƙin zama ne saboda ana haɗiye su ba a tauna ba. Kowane jinsi yana da suna mai kalma biyu, bisa tsarin da Carl Linnaeus na ƙasar Siwidin ya kafa a ƙarni na 18, kuma galibin kalmomin suna da ma'ana a Latin ko Girkanci. Misali, sunan tsutsar tsargiya shi ne Schistosoma haematobium: Schistosoma na nufin jiki mai tsaga, saboda namijin tsutsar yana da tsaga a jikinsa inda macen ke kwanciya, haematobium kuma na nufin mai rayuwa cikin jini. Ki ware ƙaramin littafi, ki rubuta kowace kalma da Larabcinta da Latin ɗinta da ma'anarta da Hausa. Wannan zai amfane ki a Jami'ar Kartum ko Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, domin mafi yawan manyan littattafan ilimin dabbobi da Turanci aka rubuta su.

Babin gado, wato yadda 'ya'ya ke gadar siffofin iyaye, shi kaɗai ne zane ba ya wadatarwa a cikinsa, sai da lissafi. Ki yi ta warware tambayoyin haɗa iri, irin na waken Mendel, masanin da ya gano ƙa'idojin gado ta hanyar haɗa irin wake, har kason uku da ɗaya da ya samu tsakanin siffofin waken ya zama kina fitar da shi da kanki. Ki nemi takardun jarrabawar shekarun baya a wurin malaminku na Ahya'u, ki riƙa amsa guda ɗaya kowane mako da agogo a gabanki, sannan ki kai masa ya duba.