Kafin Ka Tura Takardar Neman Koyarwa a Jami'a

Ka tambaye ni ko maƙaloli bakwai da ka wallafa sun isa ka nemi gurbin malami a sashen injiniya, ko ka dakata sai sun ƙaru. Ka nema, ɗana. Sai dai ba a wurin ƙirga ake kayar da yawancin masu nema ba.

Na sha zama a kwamitin tantancewa. Ƙirga maƙala ba ya cin minti biyu. Wani ma Google Scholar zai buɗe, shafin intanet da ke jera maƙalolin masana, ya leƙa ma'aunin nan na h da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, wanda ke haɗa yawan maƙalolin mutum da yawan ambatonsu da wasu masana suka yi, ya rufe. Inda muke daɗewa shi ne tambaya ɗaya: a aikin nan, ina hannunka, ina hannun malaminka? Ganin sunanka a jeri bai amsa ta ba. A 2015 an fitar da maƙala a fannin kimiyyar fiziks kan nauyin ƙwayar Higgs, mai sunayen mutum sama da 5,000. Masana lissafi kuwa galibi bisa tsarin haruffa suke jera sunaye, na farko ba lallai shi ya fi shan wahala ba. Don haka a ƙarƙashin manyan ayyukanka uku ka sa layi bibbiyu: ni na haɗa na'urar gwajin, ni na rubuta manhajar kwamfutar, abokin aikina wane shi ya tace alƙaluman. In akwai wadda ka buga a mujallar da ke karɓar kuɗi ta wallafa ba tare da masana sun duba ba, cire ta. Guda ɗaya tak kan sa a yi shakkar sauran.

Takardar da za ta ɗaga ka ko ta kayar da kai ita ce bayanin bincike, shafi biyu zuwa uku. Matasa sukan cika ta da labarin kundin digirinsu na uku. Wannan mun gani a tarihin aikinka. Mu so muke mu ji abin da za ka yi nan da shekara biyar, ranar da ba ka da mai gida a kanka. Kawo aiki ɗaya da ka tabbata zai ba da sakamako cikin shekara biyu, da wani babba wanda zai iya ƙin yiwuwa, ka faɗi ta inda zai iya ƙi. Ambaci kayan aikin da kake bukata, ɗalibai nawa, da hukumar da za ka nemi tallafi wurinta. In aikin sai da madubin ilektaron, na'urar ganin ƙananan abubuwa, alhali sashen ba shi da shi, faɗi inda za ka samu. Shiru a nan na nufin ba ka binciki inda kake son zuwa ba. Kuma ka zauna da malaminka tun yanzu ku raba gona, kada ka wayi gari kuna neman tallafi ɗaya a kan tambaya ɗaya.

Bayanin koyarwa bai bukatar dogon turanci. Duba manhajar karatunsu, ka ambaci darussa biyu ko uku da za ka iya ɗauka gobe.

Masu rubuta maka shaida, yawanci uku ake nema. Ba su wata guda, haɗe da sanarwar aikin. Wanda ya ga yadda kake yi in gwaji ya lalace ya fi maka shahararren da sau ɗaya kuka gaisa a taro.

In an kira ka gabatar da lacca, tuna cewa rabin zauren ba 'yan fanninka ba ne, kuma da su za a yanke hukunci. Ni a nemana na farko hotuna saba'in na cusa cikin minti arba'in da biyar, na gama ba wanda ya iya yi mini tambaya. Ban samu aikin ba. Minti goma na farko ka yi su don kowa ya gane matsalar, sannan ka nutsa. Abin da ba ka gwada ba, ce ba ka gwada ba, ka faɗi yadda za ka gwada.

Kawo mini daftarin bayanin binciken in bi shi da jan biro kafin ka tura.