Me ya sa shuɗin katin biki ya koma shunayya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya tsara mini katin auren ɗiyata a salula, shuɗi mai haske daidai da ankonmu. Da muka karɓo daga wurin bugawa sai ga shi ya dushe, har ya karkata zuwa shunayya. Mai bugun ya cuce mu ne? Daga wata uwa, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Ina ganin bai cuce ku ba, kuma aikin ɗab'i sana'ata ce.

Fuskar salula haske take fitarwa. Ɗigo-ɗigo ne na ja, kore da shuɗi, kowanne da mataki 256 na ƙarfin haske, sai su ba da launi sama da miliyan 16. Idan duka ukun suka kunnu sosai, fari za ki gani. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta, na rana ko na fitila take mayarwa, tawada kuma ta shanye wani sashe nasa. Injin bugu da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai ruwan sararin sama, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Duk tawadar da aka ƙara, duhu take ƙarawa.

To nan ne shuɗinki ya gamu da cikas. Babu irinsa cikin tawadar, sai an gauraya ta farko da ta biyu, kuma da jan ya ɗan rinjaya sai shunayya ta fito. Kore shar da ruwan lemo mai ƙyalli su ma haka suke dushewa. Takardar ma da nata: mai sheƙi tana riƙe tawada a samanta, marar sheƙi tana tsotse ta yadda yashi ke shan ruwa.

Inda nake ganin laifin mai bugun shi ne rashin nuna muku gwaji. Wannan haƙƙinku ne, kuma yana ba ni takaici yadda ake tsallake shi saboda gaggawar biki. In za a sake bugawa, ƙanenki ya maida zanen zuwa tsarin CMYK, wato tsarin tawada huɗun nan na injin bugu, ya rage jan, ya tura shi a WhatsApp a matsayin fayil (document), don ta hanyar hoto matse shi ake yi har ingancinsa ya ragu. Ki tafi da ƙyallen ankon, a buga kati guda a kan ainihin takardar, ki fito waje ki gwada su a hasken rana kafin ki ce a buga sauran.