Tambaya da Amsa: Man zaitun na fitar da tsakuwar matsarmama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Hoton ciki ya nuna ina da tsakuwa a matsarmama. An ce in sha rabin kofin man zaitun da ruwan lemon tsami da dare, wai da safe za ta fito a bayan gida. Haka ne? (Wata uwa daga Gwale)

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, don Allah kada ki sha. Korayen ƙulalan da ake gani da safe man ne ya haɗu da lemon da ruwan hanji ya daskare kamar sabulu. Da za a sake hoto, tsakuwar na nan inda take.

Matsarmama 'yar jaka ce ƙarƙashin hanta da ke ajiye ruwan ɗacin da hanta ke yi, tana matsewa duk sanda maiƙo ya sauka hanji. Bututun da ke kai ɗacinta hanji kuwa faɗinsa kamar milimita 6 ne. In kika ɗura mata rabin kofin mai za ta matse da ƙarfi, tsakuwa ta iya maƙalewa a hanya, daga nan sai kumburi ko shawara. Garin kurkum da ake sha cokali-cokali shi ma yana matse ta, ki bar shi a girki kawai.

Ki rage kitse, man shanu da soye-soye, ki riƙa cin kaɗan-kaɗan, kada ki tsallake karin kumallo. In ciwo ya kama ƙarƙashin haƙarƙarin dama har kafaɗa ya ƙi lafawa, ko zazzaɓi ya biyo, ko ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar shayi, ki tafi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a ranar. Ko da ta kai ga likita ya cire matsarmama, hanta na ci gaba da aikinta.

Tambaya: Nakan sayi filasko a Kasuwar Kurmi saboda taurin bayan gida. Akwai illa? (Wani magidanci daga Fagge)

Amsa: Malam, filasko na aiki, cikin awa 8 zuwa 12 ciki ke sakin jiki, shi ya sa ake sha da dare. Amma kada ya wuce mako ɗaya. Yawansa na jawo murɗa da gudawa, ya zubar da gishirin jiki, hanji ya saba da shi. Ka jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi ka sha, ka yawaita ruwa, gwanda da miyar kuɓewa. In ka ga jini a bayan gida ko kana ramewa, ka ga likita.