Amsa kan tsatsar notukan babur

Malam, ka ce babur ɗinka ya sha ruwan damina a waje, notuka sun yi ja, wasu sun cije, har an ba ka shawarar zuba musu ruwan batir. Don Allah kada ka yi. Asid ne mai ƙarfi, zai ci tsatsar ya haɗa da ƙarfen, ya ɓata fenti, in ya fantsama a ido kuwa sai asibiti.

Na daɗe ina hawan Boxer, kuma ga yadda nake yi. Notin da ya cije, kada ka yi kokawa da shi. Goge kansa da burushin ƙarfe, ka ɗiga kananzir ko ka fesa WD-40, wato man feshi mai sassauta tsatsa, ka bar shi ya kwana. Da safe ka ɗan bubbuga kan da ƙaramar guduma, ka sa sifana mai zobe daidai lambarsa, in 10 ce 10, in 12 ce 12. Ka ɗan ɗaure kaɗan tukuna sannan ka kwance, gaba da baya, a hankali. Na salansa sun fi kowanne taurin kai saboda zafin da suke sha, kuma su ne ke karyewa a cikin inji idan aka yi gaggawa.

Waɗanda suka fito, zuba su a gwangwani da ruwan khal ko lemun tsami su kwana. Za ka tarar ruwan ya yi duhu, tsatsar ta yi laushi tana bin burushi. To, nan ne mutane da yawa ke tsayawa, bayan mako su ga jan ya dawo ya fi na da. Dalili shi ne tsamin yana cinye farin rufin zinki da kamfani ya yi wa notin, sai ƙarfen ya zauna tsirara. Don haka ka ɗauraye su da ruwan kanwa ko na baking soda ya kashe tsamin, ka shanya a rana su bushe ƙarau, sannan ka shafa giris kaɗan a zaren notin, wato tiredi, kafin ka mayar. Musamman masu shiga jikin inji, domin shi alminiyom ne. Ƙarfe da alminiyom in danshi ya shiga tsakaninsu farin gari suke yi su manne.

Amma na birki, da na ƙafa, da na shokoba, ni ba na jiƙa su a tsami, domin asid na iya raunana ƙarfe mai tauri. Burushi kawai. In ka ga tsatsa ta yi ramuka ko zaren ya cinye, sayi sabo. Duba kan bol ɗin, za ka ga lamba kamar 8.8 ko 10.9, ita ce ƙarfinsa; kada mai kayan gyara ya ba ka wanda bai kai ta ba. Kuma giris kada ya kusanci birki ko kaɗan.