Filin Tambaya da Amsa: Yankan Hoto da Alƙalami a Kwamfuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyon aikin zane da kwamfuta a wani shago a Zariya, wata na biyar ke nan. Maigidana ya ba ni hoton kwalbar turare in cire ta daga bangon da ke bayanta, za a sa a jikin banar talla. Na goge bayan da magogin da ke cikin Photoshop. A allo ya yi kyau, amma da aka bugo banar sai gefen kwalbar ya fito kamar ɓera ya gaigaye shi, ga shi kuma na cinye wani ɓangare na murfin. Maigida ya ce in koyi yanka da alƙalami da abin da ya kira bekta mas. Don Allah mene ne wannan, kuma ta ina zan faro? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Maigidanka ya ɗora ka a hanya, ka riƙe maganarsa da kyau. Duk yaron da ya zo koyon aiki wurina, abu na farko da nake raba shi da shi shi ne magogi. Dalili kuwa ka riga ka gani da idonka: abin da magogi ya ci ya tafi ke nan. Da zarar ka adana aikin ka rufe, murfin kwalbar nan ba ya dawowa sai dai ka faro daga tushe.

Abin da ake kira mas, ni labule nake ce wa yarana. Hoton yana nan cikakke a kan leyarsa, wato shimfiɗar da yake zaune a kai a cikin Photoshop, kai dai ka saki labule a kan wurin da ba ka so a gani. Ran da ka ga dama sai ka ɗage. Labulen nan iri biyu ne a Photoshop. Akwai na ɗigo, wanda ake shafawa da buroshi: baƙi ya ɓoye, fari ya bayyana, ruwan toka ya bayyana rabi da rabi. Shi wannan da ƙananan ɗigogin hoto aka gina shi, waɗanda ake kira fiksel, saboda haka idan aka buɗa shi ya yi girma gefensa yakan dushe. Sai kuma na layi, wato bekta mas ɗin da maigidanka yake nufi. Shi babu ɗigo ko ɗaya a cikinsa. Kwamfuta tana riƙe shi ne a matsayin lissafi: daga wannan wuri zuwa wancan, a lanƙwasa kaza. Ko ka mayar da shi girman katin biki ko girman allon bakin titi, sai ta sake lissafin, gefen ya fito tas kamar an yanka da sabuwar reza.

Lissafin nan ma ba don masu hoto aka fara shi ba, masu ƙera mota ne a Faransa suka fito da shi. Wani masanin lissafi mai suna Paul de Casteljau ya yi aiki a kai a kamfanin Citroën a shekarar 1959, sai kuma injiniya Pierre Bézier na kamfanin Renault ya yaɗa shi a shekarun 1960, don su riƙa zana lanƙwasar jikin mota daidai wa daida. Shi ya sa idan ka buɗe CorelDRAW za ka ga wani alƙalami mai suna Bézier. Ina faɗa wa yarana wannan ne don su gane cewa an yi kayan aikin domin abubuwa masu santsin gefe: mota, kwalba, takalmi, waya, gwangwanin madara.

To ga yadda za ka yi da kwalbarka. Sunayen wuraren da za ka danna zan ba ka su yadda suke a rubuce a allo. Da farko ka cire kwaɗon da ke jikin leyar hoton, domin muddin tana kulle a matsayin Background ba za ta karɓi labule ba. Ka danna harafin P, alƙalami zai fito. Ka duba sama ta hagu ka tabbata an zaɓi Path, domin idan yana kan Shape zai riƙa cika maka wurin da launi yana rufe abin da kake bi. Ka jawo hoton kusa, kamar ninki biyu ko uku na girmansa.

Kowane dannawa da ka yi yana kafa alama ɗaya da nake kira turke, layin kuma a jikin turakun nan yake ɗaure. Inda gefen kwalba ya miƙe, danna nan, danna can, layi ya miƙe tsakaninsu. Inda ya lanƙwasa, kamar kafaɗar kwalba, sai ka danna ka riƙe ka ja. Za ka ga hannaye biyu sun fito daga turken, ɗaya gaba ɗaya baya. Su ne linzamin lanƙwasar: inda hannu ya fuskanta nan layi zai bi, tsawonsa kuma shi ke nuna zurfin lanƙwasar. A bisa al'ada hannu yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin turke da turke. Idan ka iso inda lanƙwasa ta ƙare kwana mai kaifi ta fara, kamar mahaɗar wuyan kwalba da murfi, ka riƙe Alt ka danna turken ƙarshe, hannun gaba zai ɓace, sai ka ci gaba a miƙe.

A nan ne kusan duk sabon hannu yake ɓata aiki, don haka zan ɗan tsaya. Mai koyo gani yake yawan turaku shi ne ƙwarewa. Sai ka ga ya jera turke sittin a kewayen kwalbar da goma sha biyar za su isa. Kowane turke da ka ƙara wuri ne da layi zai iya karyewa, kuma idan an buga aikin da girma duk waɗannan ƙananan karaya sai sun fito. Cikakkiyar da'ira turke huɗu kawai take buƙata, sama da ƙasa, dama da hagu. Ka sa wannan a ranka. Ka kafa turke inda lanƙwasa ta sauya alkibla ko inda ta kai ƙololuwarta, sauran aikin ka bar wa hannaye. Ni idan yaro ya kawo mini aiki, kafin in dubi kyan hoton sai na ƙirga turakunsa.

Abu na biyu, ka bi ta cikin gefen kwalbar da fiksel ɗaya ko biyu, kada ka bi ta kan gefen daidai. A kowane hoto, inda abu ya haɗu da bayansa launukan biyu sukan ɗan cakuɗe. Idan ka bi ta waje, farin bangon da ka cire zai bar siririn zare a kewayen kwalbar, kuma a kan bana mai duhu ba ya ɓuya.

Idan ka kewayo inda ka faro, za ka ga ɗan zobe ya fito kusa da bakin alƙalamin, ka danna, layi ya rufe. Daga nan ka shiga Layer, ka gangara Vector Mask, ka danna Current Path. Nan take bango zai ɓace ya bar maka kwalba. In kuwa ka ga akasin haka, kwalba ta ɓace bango ya tsaya, kada ka tayar da hankalinka. Ka danna A, ka zaɓi layin da baƙar kibiya, ka duba sama ka sauya shi daga Subtract Front Shape zuwa Combine Shapes. Wannan Subtract ɗin kuma yana da ranarsa: idan abin da kake yanka yana da rami, kamar mariƙin buta ko na kofi, da shi za ka zana layi na biyu a cikin ramin don a ga abin da ke baya.

Daɗin abin yana zuwa ne a wurin gyara. A ce ka sake cinye murfin. Ka ɗauki farar kibiya, wadda take tare da baƙar a ƙarƙashin harafin A, ka kama turken da ya shige ciki ka jawo shi waje, murfi ya dawo. Ko bayan wata shida mai kaya ya dawo da ƙorafi, muddin ka adana aikin a PSD, wato irin fayil ɗin Photoshop na kansa, gyaran minti ɗaya ne. Idan kuma gefen ya yi kaifi da yawa har kwalbar ta zama kamar an manna ta, ka shiga Properties ka ba Feather kamar rabin fiksel, ya ɗan tausasa.

Sai dai kada ka ɗora wa labulen layi abin da ba aikinsa ba. Gefen yanka yake tsarewa, ba ya ƙara wa hoton kansa kyau. Idan mai turare ya turo maka ƙaramin hoto ta WhatsApp, wanda manhajar ta riga ta matse, ka buɗa shi ya kai ƙafa shida, gefe zai fito da kaifi amma rubutun jikin kwalbar zai zama dishi-dishi. Ka roƙe shi ya turo asalin hoton a matsayin dokumen, ko ya kawo kwalbar ka ɗauka da kanka.

TAMBAYA: Barka da aiki. Ina haɗa katin biki da kalandar amare a Maraɗi. Na iya alƙalami daidai gwargwado, amma idan na zo kan mayafi shara-shara ko bakin leshi sai aikin ya fito kamar an yanka kwali da almakashi. Ina kuskuren yake? Manhajata da Faransanci take. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai, malama. Hannunki lafiyarsa lau, kayan aikin ne bai dace da wurin ba. Labulen layi abu biyu kawai ya sani, ciki da waje. Mayafi shara-shara kuwa ana hango abin da ke bayansa, wato yana buƙatar ruwan tokar nan da labulen ɗigo kaɗai ke da shi, mai hawa 256 daga baƙi zuwa fari a hoton da muka saba aiki da shi. Haka gashi, haka hayaƙin turaren wuta, haka bakin leshi mai huda-huda. Na taɓa ganin yarinya ta shafe yini guda tana bin hudar leshi ɗaya bayan ɗaya da alƙalami. Na tausaya mata ƙwarai, domin aikin baban giwa ne, kuma sakamakon bai kai na rabin awa da buroshi ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne leya ɗaya tana iya ɗaukar labule biyu a lokaci guda. Ga yadda nake yi da hoton amarya. Kafaɗa, hannu, gefen zani, ɗaurin gwaggwaro mai tauri, duk da alƙalami nake bi. Idan na iso wurin mayafi sai in buɗa layin ya fita waje sosai, ya bar fili. Sannan in ƙara labulen ɗigo a kan leyar, in shiga Select and Mask in bi bakin mayafin da buroshin tace gefe, in ƙarasa da buroshi mai laushi da ruwan toka a inda ake hango baya. Kowane labule yana aikinsa, kuma kowanne ana iya komawa a gyara shi daban. A manhajarki alƙalamin Plume ne, labulen layi masque vectoriel, na ɗigo kuma masque de fusion.

Tunda katin biki kike yi, ga wani amfani. Idan za ki sa fuskar ango da amarya cikin da'ira ko siffar ƙwai, ki zana siffar ta zama labulen layi, sannan ki cire 'yar sarƙar da ke tsakanin hoton da labulen a jerin leyoyi. Daga nan za ki iya matsar da hoton a cikin siffar har fuska ta zauna daidai, siffar ba ta motsa ba. Masu CorelDRAW sun san irin wannan da sunan PowerClip.

TAMBAYA: Na gama zana layi a kewayen babur, na fara wani, sai na farkon ya ɓace. Kuma a gida GIMP nake da shi, shin ana iya wannan aikin a cikinsa? Daga wani mai karatu a Gombe.

AMSA: Sannu, ɗan'uwa, babur ba ƙaramin aiki ba ne, na san zafin abin. Layin da ka zana a Photoshop na wucin gadi ne, shi ya sa a akwatin Paths za ka ga an rubuta masa Work Path. Idan ka cire zaɓi daga kansa ka fara sabo, sabon zai maye gurbinsa. Maganin shi ne da ka rufe layi ka danna sunan nan sau biyu ka raɗa masa suna, shi ke nan ya zauna. In ka lura da wuri, Ctrl da Z ko akwatin History za su iya dawo maka da shi kafin ka rufe aikin.

GIMP kyauta ne, kuma yana da alƙalami mai kyau, a harafin B yake. Turaku da hannaye duk iri ɗaya ne da abin da na bayyana a sama, kuma shi yana ajiye kowane layi a jerinsa. Abin da ba shi da shi shi ne labulen layi irin na Photoshop. Sai ka mayar da layin ya zama zaɓi, wato ka ga 'yan ɗigogi masu motsi kamar tururuwa suna kewaya babur ɗin, sannan ka ƙara labulen ɗigo daga zaɓin. Ka adana aikin a XCF, wato irin fayil ɗin GIMP na kansa, don layin ya zauna tare da hoton. Idan gyara ya taso, ka gyara layin, ka goge tsohon labule, ka fitar da sabo daga gare shi. Wayoyin ƙafar babur kuwa kada ka bi su ɗaya-ɗaya tun farko. Ka gama jikin da tayoyin, ka duba girman da za a buga, sannan ka yanke shawara ko za a ma gan su.