Ƙanena Mai Zane Ya Ƙi Shan Magani, Yana Cewa Ciwon Ne Baiwarsa

Tambaya:

Assalamu alaikum, likita. Ni mace ce mai sayar da atamfa a Garwa. Ina da ƙane ɗan shekara 26 wanda sana'arsa zane ce, yana rubuta allunan shaguna, yana yi wa manyan motoci ado, yana kuma zana hotunan mutane. Shekara uku ke nan yana fama da wani hali: sai ya yi kwanaki ba barci, yana zane dare da rana, yana surutu, yana rabar da kuɗinsa, daga baya kuma ya shige ɗaki makonni ba ya cin abinci sosai. An ba shi magani a asibiti ya samu sauƙi, amma ya daina sha, don wani abokinsa ya ba shi labarin wani Bature mai zane, Van Gogh, wai haukarsa ce ta sa ya yi fice. Babanmu yana so a ƙone kayan zanen, kawunmu yana so a kai shi ƙauye a sa masa mari. Ni kaɗai nake ɗauke da nauyinsa, kuma na gaji. Mene ne gaskiyar labarin Baturen, kuma yaya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ƙanenki lafiya, ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi. Zan fara da labarin Baturen, domin abokin ƙanenki ya ba shi rabinsa ne kawai, kuma rabin da ya bari shi ne wanda gidanku yake bukata.

An haifi Vincent van Gogh a ƙasar Holan a 1853, ɗan wani limamin coci, ya kuma rasu a Faransa a 1890 yana da shekara 37. Bai kama zane gadan-gadan ba sai wajen 1880, wato duk aikinsa na shekara goma ne, amma a cikinsu ya bar hotunan fenti kusan 860. Kaɗan ƙwarai aka saya yana da rai. Wanda ya riƙe shi a tsawon waɗannan shekaru shi ne ƙanensa Theo, dillalin hotuna a Paris, wanda yake aika masa da kuɗi kowane wata, sau da yawa wajen faran 150 na Faransa na wancan zamani, ban da fenti da yadin zane. Wasiƙun da Vincent ya rubuta masa sun haura 650, kuma daga cikinsu muka san yadda ciwon yake a wurin mai shi.

Ciwon ya fito fili a garin Arles da ke kudancin Faransa. A ranar 23 ga Disamba 1888, bayan saɓani da abokin sana'arsa Paul Gauguin, ya yanke kunnensa na hagu da aska. A watan Fabrairu na 1889 maƙwabta kusan talatin suka rubuta wa hukuma cewa a kulle shi, 'yan sanda kuma suka rufe gidansa. A watan Mayu shi da kansa ya nemi a kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali da ke Saint-Rémy, inda ya yi shekara guda. Theo ne ya biya kuɗin ɗakuna biyu, ɗaya na kwana, ɗaya na aiki, kuma a wannan shekara ya yi hotuna wajen 150, har da na dare mai taurari wanda duniya ta fi saninsa da shi.

To, ga abin da ba a gaya wa ƙanenki ba. Idan ciwon ya taso wa Van Gogh, galibi ba ya iya zane. Yakan ruɗe, ya ji muryoyi, ya firgita, har akwai lokacin da ya ci fentinsa ya kuma nemi shan kananzir, aka ƙwace masa kayan aiki. Wani tashin da ya faro a Fabrairun 1890 ya ɗauke shi kusan wata biyu. Hotunan da ake yabo an yi su ne a tsakanin tashi da tashi, lokacin da hankalinsa ya dawo, hannunsa ya natsu, yana iya tsara launi da lissafi. Shi kansa bai taɓa alfahari da ciwon ba. A wasiƙunsa yana tsoron dawowarsa, yana baƙin cikin lokacin da ya cinye masa, yana kuma roƙon a bar shi ya koma aiki domin aikin ne yake ganin ya fi kare shi. Baiwarsa ta fito daga shekarun da ya yi yana koyo, yana kwaikwayon ayyukan magabata, yana maimaita zanen hannu da fuska har ya ƙware. Abin da ciwon ya yi masa shi ne ya katse aikin yana tsakiyar ƙarfinsa: ya harbi kansa a ƙauyen Auvers a ranar 27 ga Yuli 1890, ya cika bayan kwana biyu Theo yana gefensa.

Har yau masana ba su haɗu a kan sunan ciwonsa ba. Likitansa na Saint-Rémy ya ce farfaɗiya ce, na baya suka kawo ciwon hawa da saukar yanayin zuciya, wasu suka ƙara da illar giya mai ƙarfi da yake sha tare da yunwa da rashin barci. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne cewa a zamaninsa babu maganin kirki. A asibitin nan babban abin da ake yi masa shi ne jiƙa shi cikin ruwan wanka na awa biyu, sau biyu a mako. Sai a 1949 wani likitan Ostareliya, John Cade, ya nuna amfanin maganin litiyam ga masu irin wannan tashin, sannan a 1952 aka fara amfani da maganin kulofuromazin a Paris. Maganin da ƙanenki ya ajiye abu ne da Van Gogh bai samu ba, alhali shi ne da ƙafarsa ya je neman taimako.

Game da ƙanenki, ba zan yanke hukunci a kan wanda ban duba ba, amma abin da kika bayyana, wato kwanakin rashin barci da yawan magana da ɓarnar kuɗi, sannan makonnin kulle kai da ƙin abinci, ya yi kama da ciwon hawa da saukar yanayin zuciya, wanda likitoci suke kira bayfola. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi da miliyan 40 a 2019. Yakan fara a ƙuruciya, yana bin jini a wasu gidaje, kuma yana tashi yana kwantawa, shi ya sa mai shi yakan ɗauka ya warke ya watsar da magani. Dole kuma likita ya tambayi abin da yake sha, domin tiramol da wiwi da shaƙar sholisho, waɗanda suka yaɗu tsakanin samarin arewacin Kamaru, suna iya tayar da ciwon ko su kwaikwayi alamominsa. Mai aikin fenti yana shaƙar tina, wato ruwan tsinka fenti, da fetur kullum a shago, wannan ma a faɗa wa likita.

Ina roƙonki ki saurari dalilin da ya sa ya ƙi maganin kafin ki yi masa faɗa, domin wataƙila akwai gaskiya a kukansa. Magunguna irin su halofaridol da kulofuromazin suna iya sa rawar hannu, da sandarewar jiki, da nauyin barci, kuma ga mutumin da abincinsa yake a kan yatsunsa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa idan mai zane ya ce magani ya kashe masa baiwa, abin da yake nufi shi ne layinsa ya daina miƙewa. Wannan yana da gyara: ana rage adadi, ana mayar da shan zuwa dare, ana ƙara wani maganin da ke hana rawar, ko a sauya gaba ɗaya. Ku koma tare wurin wanda ya rubuta maganin, ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin jiha a nan Garwa, ki bar shi ya faɗi damuwarsa da bakinsa, a kuma gaya wa likita ƙarara cewa sana'arsa ta hannu ce. Idan lamarin ya fi ƙarfinsu sukan tura mutum asibitin Jamot da ke Yawunde. Idan aka ɗora shi kan litiyam, sai an riƙa gwajin jini, kuma a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, dole ya yawaita shan ruwa, domin bushewar jiki tana sa maganin ya taru ya zama guba. Batun azumi ma a tattauna shi da likita tun kafin watan ya kama.

Ƙone kayan zanen kuskure ne babba, kuma ina fata za ki isar wa Baba da wannan cikin ladabi, ko ta bakin wani dattijo da yake jin maganarsa. Sana'a ita ce ke tayar da mutum da safe, ta ba shi kuɗin kansa da mutunci a unguwa, kuma majinyacin da aka raba da ita yakan fi saurin nutsewa cikin baƙin ciki. Idan damuwar Baba ita ce zanen siffar mutane, wannan mas'ala ce ta malamai, kuma akwai hanyar tsakiya, tunda rubutun alluna da adon motoci da zanen bishiyoyi da kogin Binuwai duk aiki ne. Van Gogh ma yawancin aikinsa na ƙarshe gonakin alkama ne da itatuwa da furanni. Abin da ya kamata a sa wa iyaka shi ne aikin dare, domin rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da wannan ciwo. Mari kuwa ba ya warkar da kowa. Yana barin gyambo a ƙafa da tsoro a zuciya, yana kuma koya wa majinyaci ɓoye alamominsa daga danginsa. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da magani, a haɗa su, amma duk wanda ya ce a ajiye ƙwayar asibiti, ko ya ɗauki bulala, kada a ba shi ɗanku.

Yanzu ga ke kanki, domin kalmar da ta fi tsaya mini a wasiƙarki ita ce "na gaji". Ana yabon Theo, kuma ya cancanta, amma ya kamata a san abin da riƙon ya ci masa. Lokacin da suka zauna ɗaki ɗaya a Paris daga 1886 zuwa 1888, ya rubuta wa ƙanwarsu cewa zaman ya kusa gagarar sa, kamar mutum biyu ne a jikin yayansa, ɗaya mai taushin zuciya, ɗaya mai son kai. A farkon Yulin 1890 Vincent ya ziyarce shi ya tarar da shi cikin damuwar kuɗi, jaririnsa bai daɗe da tashi daga ciwo ba, shi kuma yana tunanin barin wurin aikinsa. Vincent ya koma Auvers yana ganin kansa kaya ne a wuyan ƙanensa, kuma bai ƙara wata guda a duniya ba bayan haka. Theo, wanda dama yana ɗauke da ciwon tunjere, ya rushe, ya rasu a Janairun 1891 yana da shekara 33. Ban kawo wannan don in ɗora wa kowa laifi ba. Na kawo shi ne don a ga haɗarin jingina rayuwar majinyaci a kan mutum ɗaya tak, wanda idan ya girgiza babu wani a bayansa. Ko a Arles, abin da ya sassauta lamarin shi ne wani ma'aikacin gidan waya, Joseph Roulin, da wani limamin coci, Frédéric Salles, waɗanda suke duba shi suna aika wa Theo labari.

Saboda haka ki tara gida, ku raba nauyin da suna: wane ne zai sayi magani a wata, wane ne zai raka shi asibiti, wace ce za ta ga ya sha da dare, wane aboki ne zai zauna da shi a shago. Shi ma a sa shi cikin shawarar lokacin da yake lafiya, ya yarda da kansa a kan wanda zai riƙe masa kuɗi idan tashin ya zo. Lissafin kuɗin jinyarsa kuwa kada a yi shi a gabansa cikin fushi. Tun wajen 1960 binciken George Brown da abokan aikinsa a Ingila ya nuna cewa majinyatan da suka koma gidajen da ake yawan suka da tsangwama, ko ake kewaye su da kulawar da ta hana su numfashi, sun fi saurin komawa asibiti. Gorin "kai ne ka talauta mu" da kiran mutum mahaukaci a tsakar gida suna da illa kamar barin magani.

Ku koyi alamomin farko, waɗanda a wurinsa da alama raguwar barci ce, ku tafi asibiti a dare na biyu ko na uku, kada ku jira sai ya fara rabar da kaya. A lokacin da ya shige ɗaki kuma, idan kika ji yana cewa ya zame muku kaya, ko gara ba ya nan, ko kika ga yana sallama da mutane yana ba da burusansa kyauta, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwarin auduga da igiya da wuƙa da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne.